Idan Injin Wanke Kwanuka Ya Fara Yoyo a Gidan Haya a Ingila

Da yawa daga cikin waɗanda suka iso Ingila, ko karatu ya kawo su ko aikin jinya, sukan tarar da injin wanke kwanuka a kicin ɗin gidan haya, an cusa shi ƙarƙashin kanta kusa da sinki, alhali ba kowa ne ya taɓa aiki da shi a gida ba. Ranar da aka wayi gari aka ga ruwa kwance a gabansa, abin da yakan fara zuwa wa mutum shi ne ya goge ya ci gaba da harkarsa, domin mun saba da daɓen siminti da tayil waɗanda ruwa ba ya yi musu komai. A nan kuwa daɓen ɗaki sau da yawa katako ne, durowoyin kicin kuma da garin katako da aka matse ake yin su, da sun sha ruwa sai su kumbura su ruɓe. Idan a bene kuke zaune, ruwan zai ratsa har silin ɗin maƙwabcin da ke ƙasanku, kuma daga nan magana ta tashi daga gyaran inji ta koma biyan diyya.

Kafin a taɓa komai, a kashe wuta, domin ƙarfin lantarkin ƙasar bolt 230 ne, kuma bai kamata mutum ya tsaya cikin ruwa yana laluben fulogi ba. Galibi akwai makunnin injin a bango saman kanta, idan kuma ba a gan shi ba, ko an ga soket ɗin ya jiƙe, sai a kashe daga babban akwatin fis na gidan. Bayan haka a tsayar da ruwa. A cikin durowar da ke ƙarƙashin sinki za a ga tiyon injin haɗe da bututu, da wani ɗan hannu, yawanci shuɗi, wanda idan aka juya shi ya gitta bututun ruwan zai tsaya. Idan ya ƙi juyawa, sai a rufe babban famfon gidan gaba ɗaya, wanda shi ma a ƙarƙashin sinki aka fi sa shi, a murɗa shi yadda hannun agogo yake tafiya. Ina ba kowane sabon zuwa shawarar ya nemi wannan famfo tun makon da ya tare, kada ya bari sai ruwa yana malala. A ɗauki hoton wurin da waya kafin a goge.

Abin da ya fi jawo wa sababbin zuwa wannan matsala ba lalacewar inji ba ne, sabulu ne. Sabulun ruwa na wanke-wanke da hannu, irin su Fairy na kwalba, ba a zuba shi a wannan inji ko kaɗan, domin kumfarsa takan cika cikin injin har ta tunkuɗo ta ƙasan ƙofa. Har wanda ya fara cuɗa kwanukan da sabulun hannu sannan ya jera su a ciki ba tare da ɗaurayewa ba yana iya ganin haka. Saboda haka idan kun buɗe kun tarar da kumfa, hankalinku ya kwanta. Ku kwashe ta da kofi, ku zuba cokali ɗaya na man girki domin yana kwantar da ita, sannan ku sa injin ya yi ɗauraya babu kwanuka har ruwan ya fito garau. Daga nan sai ku tsaya ga ƙwayar sabulu ko garin da aka yi musamman don injin.

Idan babu kumfa, a duba rariyar da ke ƙasan injin daga ciki, wadda ake murɗawa hagu a zaro. Irin abincinmu yana ba ta wahala: ɓarɓashin tuwo, ƙwayar shinkafa, ƙayar kifi, da manja da kitsen nama waɗanda sukan daskare da zarar ruwa ya huce. Idan ta toshe, ruwa ba ya fita yadda ya kamata, sai ya taru ya nemi hanya ta ƙofa. A wanke ta da ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori, kuma a riƙa kankare faranti a kwandon shara kafin a jera su. Daga nan a bi robar da ta zagaye ƙofa da yatsa, a goge maiƙon da ya maƙale mata, a duba ko ta tsage ko ta fita daga gurbinta. A kuma juya hannuwan da ke fesa ruwa a ga ko babbar tukunya ko faranti ya tare su, domin tukunyar da aka jingine a karkace tana iya karkata ruwan kai tsaye zuwa bakin ƙofa. Mazauna Landan da kudu maso gabashin ƙasar su sani cewa ruwansu yana da ƙasa mai barin farin ɓawo, wanda kan toshe ƙofofin feshin, shi ya sa injin yake da wurin zuba gishirinsa na musamman, ba gishirin miya ba.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, a shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin injin iyakar inda zai shiga, a kunna gajeren wanki, sannan a zaro shi a ga inda ya jiƙe. Jiƙa ta gaba tana nuna ƙofa, ko kuma injin bai zauna daidai a kan ƙafafunsa ba, waɗanda ake murɗawa a ɗaga ko a sauke. Jiƙa ta baya tana nuna tiyo. Mai shigo da ruwa yana da 'yar roba a bakinsa wadda takan mutu, kuma ana samun sabuwa da ɗan kuɗi kaɗan a shagunan kayan gyaran gida irin su Screwfix ko B&Q, a ɗaure da hannu kawai domin haƙoran na roba ne. Mai fitar da ruwa kuma da bututun sinki yake haɗe, saboda haka idan maiƙo ya toshe sinkin, ruwan yakan dawo. Jiƙa ta tsakiya kuwa galibi daga cikin injin kansa take, kamar famfon da ke tura ruwa, kuma wannan aikin mai gyara ne. Injunan Bosch da Siemens da Neff sukan nuna E15 idan ruwa ya taru a tiren da ke ƙasansu, kuma wasu sukan karkata injin su zubar da ruwan alamar ta ɓace, amma a ganina wannan rufe ciwo ne kawai, tunda wurin yoyon yana nan. Injin da aka ɗaure da kusoshi a jikin kanta kada ku fizgo shi da kanku.

Ko da kun gano matsalar, ku sanar da mai gidan ko wakilinsa a rubuce, ta imel ko saƙon waya, tare da hotunan, a ranar da abin ya faru. Kunyar kai ƙara da muka taso da ita ba ta da amfani a nan. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran bututun ruwa da na magudana, injin da ya sa da kansa kuma yawanci shi ne zai gyara, sai dai a duba abin da takardar haya ta ce. Amma ɓarnar da ta yaɗu saboda kun yi shiru, daga kuɗin ajiyar da kuka ba mai gida lokacin kama haya za a nemi cire ta, kuma kuɗin nan yana iya kai hayar mako biyar, iyakar da dokar 2019 ta sa wa yawancin gidaje. Wajibi ne mai gida ya sa kuɗin a ɗaya daga cikin tsare-tsare uku na kare kuɗin ajiya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, kuma idan gardama ta tashi, masu sasantawa rubutu da hoto suke dubawa. Idan mai gidan ya yi ta jan ƙafa, ƙungiyoyin agaji na Citizens Advice da Shelter suna ba da shawara kyauta, kuma kafin a zo gyara ku bar ruwan injin a rufe, ku koma wanke-wanke da hannu.