Kurakuran taka birki da direbobi suka fi yi

Kuskure mafi girma yana faruwa ne tun kafin ƙafa ta taɓa birki, wato manne wa motar da ke gaba. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya ga jar fitila, ƙafa ta sauka daga totur ta koma birki, ka riga ka cinye wannan tazarar. Kuma idan ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai ninki huɗu yake zama, ba biyu ba. Gyaran mai sauƙi ne: in motar gabanka ta wuce wani turke, ƙirga daƙiƙa 3 kafin kai ka iso wurin. In ana ruwa, ninka lissafin.

Sai masu sakin mota a firi kan gangara, wai tsimin mai suke yi. Nauyin motar gaba ɗaya ya koma kan birki ke nan. Ƙafa na kai tun daga sama, ƙarfe ya ɗau zafi, ka fara jin ƙauri, man birki ma yana iya tafasa. Ka taka, ka ji ƙafarka ta lume har ƙasa, mota ko gezau. Tun kafin ka fara sauka sa giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar, birki kuma a taka a saki.

Akwai kuma tsoron ABS, wato na'urar sarrafa birki da ke cikin motocin zamani. Ka taka da ƙarfi, birkin ya kama rawa ƙarƙashin ƙafarka, kar-kar-kar, sai ka firgita ka ɗaga. To, aikinsa ke nan, yana hana taya ƙullewa ne. Danna sosai, ka riƙe, ka juya sitiyari inda kake son nufa. Taka-saki da sauri na tsofaffin motoci ne marasa ABS.

Danne kulochi kafin birki ma ɗabi'a ce da aka ɗauko wajen koyo, don gudun kada mota ta mutu. A kan gudu birki ne farko, kulochi sai mota ta kusa tsayawa.

A kwana kuwa, rage gudu tun sitiyari na miƙe. Tayar da ke fama da juyawa, ka ƙara mata birki mai ƙarfi, sai ta zame, musamman in akwai yashi ko ruwa a kan kwalta.