Yadda Ake Auna Alaƙar Gurbi Biyu a Jerin DNA

Ɗalibai a nan Damagaram sun dame ni da wannan tambaya, to ga matakan.

1. Sauko da jerin sinadarin gado guda daga GenBank (rumbun bayanan DNA a intanet), na halittu daban-daban, a tsarin FASTA (tsarin rubuta jerin haruffan DNA a fayil).
2. Daidaita su da manhajar MAFFT, kowace halitta a layinta, kowane harafi ƙarƙashin ɗan'uwansa.
3. Zaɓi gurbi biyu (gurbi shi ne matsayi ɗaya a jerin, wato haruffan da ke tsaye ɗaya ƙarƙashin ɗaya).
4. Ƙirga haruffan DNA, wato A, C, G da T, a kowane gurbi, ka raba da yawan layuka. Wannan ne p(x) na gurbi na farko da p(y) na gurbi na biyu.
5. Ƙirga haɗuwar haruffan bibbiyu, iri 16 ne, ka raba haka nan: p(x,y).
6. Lissafa p(x,y) × log₂[p(x,y) ÷ (p(x)p(y))] ga kowane iri.

Hattara: irin da bai fito ba ko sau ɗaya, tsallake shi. Sifili ba shi da log, nan kwamfuta ke cijewa.

7. Tara duka. Amsar ba ta wuce bit 2 (bit shi ne ma'aunin yawan bayani), sifili kuwa na nufin babu alaƙa.
8. Yamutsa haruffan gurbi ɗaya, ka sake lissafin, kamar sau 1000.

Kar kasala ta sa ka bar wannan matakin. Layuka kaɗan suna kumbura amsa ko babu komai, halittun da suka haɗa kaka kusa ma sukan ruɗi mutum, amma wannan kam yamutsawa ba ta gyara shi.

9. Kwatanta amsarka ta farko da na yamutsen; sai ta zarce kusan dukkansu za ka yarda da ita.