Kafin ka biya kuɗin gwajin dutse, nemi lemun tsami

'Yan uwa masu sha'awar duwatsu, ga dabara.

In kana son sanin ko dutse na farar ƙasa ne, fasa shi, ka ɗiga ruwan lemun tsami a sabon wurin fashewar. Kara kunne. In ka ji yana tsss, ka ga ƙananan kumfa, to shi ne.

Dalili kuwa, yawancin irin wannan dutse ɓawon halittun teku ne da ya taru ya daskare. Tsami na narkar da shi, iska ta fito.

Masu karatu a Alƙahira, ku kam kun huta. Tsofaffin wuraren fasa dutse na Muƙaɗɗam da Tura suna kusa da ku. Daga Tura aka ɗebo farin dutsen da aka lulluɓe babbar dalar Giza da shi. Yau wannan yanki hamada ce ƙayau, amma shekaru fiye da miliyan 40 da suka wuce ƙasan teku ne. Duba dutsen Muƙaɗɗam da kyau, za ka ga ɓawo zagayayye kamar kwabo maƙale a ciki. Na Kalambaina a Sakkwato da na Malbaza a Nijar, waɗanda ake siminti da su, su ma suna kumfa.

Sai dai a kula. Kar ka gwada a fatar dutse ta waje. A hamada, farar ƙasa kan bi jikin wani dutsen daban, ta ruɗe ka. Akwai kuma dolomait, wani dutse mai kama da na farar ƙasa, wanda ba ya kumfa sai ka kankare shi ya zama gari.

In kana shakka, karce shi da wuƙa. Dutsen farar ƙasa yana kartuwa cikin sauƙi. Wanda farce ma ke karcewa, ba kumfa, wani dutsen ne daban da ake kira jibsin.

Kuma kar ka tsaya gindin bangon ramin fasa dutse, tsohon dutse kan zubo ba sallama.