Ga Sababbin Zuwa Maleshiya Masu Karatun Tsirrai: Gansakuka Tana Can Sama

Ɗan uwa, in karatun tsirrai ne ya kawo ka Maleshiya, kada ka ɓata makonninka na farko kana laluben gansakuka a dajin ƙasa-ƙasa. Ruwa kullum, itatuwa sun rufe sama, amma jikinsu fayau. Dalili kuwa zafi ne da duhu: ɗan abincin da gansakuka ta haɗa da rana, numfashin dare mai ɗumi ya cinye shi. Mafi yawan wadda ke wurin tana can ƙololuwar bishiya. Sai dai ka duba bayan tsofaffin ganyaye da madubin hannu mai ninki 10, za ka ga 'yar uwarta libawot ta manne kamar zanen lalle.

Ka nemi tudu. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. In kana kusa da Kwala Lamfur, fara da dajin gansakuka na Dutsen Birincan a tsaunukan Cameron Highlands, wajen mita 2,000. In kana jihar Sabah, ga Dutsen Kinabalu mai mita 4,095, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2000.

Daga inda gajimare ke kwana a kan itatuwa, abin ya canza. Tsirran nan ba su da saiwa ta gaskiya, da duk jikinsu suke shan ruwa, don haka hazo ya fi musu ruwan sama mai zuba ya wuce. Reshe sai ya ninka kaurinsa saboda gansakukar da ta lulluɓe shi. Ka matsa da hannu, ruwa mai sanyi ya tsiyaya har gwiwar hannunka. A nan iri ke yawa, libawot kuma takan rinjayi gansakuka. Ni dai a ganina, wanda bai tsaya a wannan tsakiyar ba bai ga komai ba, ko da ya kai ƙololuwar Kinabalu, inda itatuwa suka ƙare, sai dutse tsirara.

Kada ka tsinki ko ɗan tsinke a Kinabalu ba tare da izinin hukumar gandun dajin Sabah ba. Malaminka zai nuna maka hanyar nema. Samfuri a ambulan takarda ake sa shi, a leda ruɓewa yake. Ka rubuta tsayin wurin a jikin ambulan nan take da fensir, biro ba ya jure laima. Rigar ruwa da ta sanyi kuma su kwana a jakarka.