Darasi: Haɗa Kanari Namiji da Mace Ba Tare da Faɗa Ba

Kanarin da ke hayayyafa a keji asalinsa daga tsibiran Kanari da Madera da ke tekun Atlantika ne, an kuma daɗe ana kiwonsa a Turai har ya saba da mutane. Shi wannan darasi ya shafa. Kanarin daji da ake kamowa da tarko a kawo kasuwa da wuya ya yi sheƙa a keji.

Yawancin faɗan da ake gani a kejin haihuwa dalilinsa ɗaya ne: namiji ya shirya, mace ba ta shirya ba. Namiji kan riga ta shiryawa. Sai ya dinga bin ta, ita kuma tana gudu. A daji sai ta tashi ta bar masa wurin. A keji ba ta da wajen zuwa, sai ya ritsa ta a lungu ya sare ta a ka.

Yadda za ka gane sun shirya

Kada ka haɗa tsuntsun da bai kai wata 10 zuwa 12 ba, ko wanda ke zubar da gashi. Namijin da ya shirya yana rera kuka da ƙarfi, ya saki fukafukai ƙasa, yana rawa a kan sanda. Wannan kowa na iya gani. Abin da ake yawan kuskurewa shi ne alamar mace. Za ka ga tana yayyaga takarda, tana yawo da zare ko gashi a baki. Idan namiji ya yi kuka sai ta durƙusa ta ɗaga wutsiya. Muddin ba ka ga haka ba, ka dakata, komai ɗokin namijin.

Keji mai shamaki

Ka nemi keji mai tsawon santimita 80 zuwa 100, wanda za a iya raba shi biyu. Kana bukatar shamaki iri biyu: na katako da na raga. Kowane ɓangare ya sami kwanon abinci da na ruwa, domin namiji mai zafi kan tsare kwano ya hana mace ci.

Ka fara da na katako har mako guda, suna jin muryar juna ba sa ganin juna. Sannan ka sa na raga. Ka rataya kaskon sheƙa a ɓangaren mace, ka ba ta guntayen zaren buhu da ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, don dogon zare yana naɗe ƙafa. Ranar da ka ga namiji yana ba ta abinci a baki ta cikin raga, ita kuma ta kusa gama sheƙa, to lokaci ya yi. Ka zare ragar da safe, a ranar da kake gida, ka zauna ka sa ido na awa ɗaya ko biyu.

’Yar guje-guje da buɗe wa juna baki ba komai ba ne. Amma idan gashi ya fara tashi, ko ya danne ta a ƙasan keji, ko ka ga jini, ka mayar da raga nan take. Bayan kwana uku ko huɗu ka sake gwadawa. Kafin nan ka rage wa namijin abincin ƙwai (dafaffen ƙwai da garin burodi) da ƙwayoyi masu maiƙo, ka ƙara masa ganye kamar latas. In an gwada sau uku abin bai canja ba, ka sauya namijin. Akwai waɗanda jininsu bai haɗu ba, kuma tilas ba ta gyara wannan.

Wani namijin kuma ba ya zama lafiya sai dai a riƙa kai shi ziyara. A sake shi wajen mace na minti 20 zuwa 30 safe da yamma, da zarar ya yi barbara a mayar da shi ɓangarensa. Ana yin haka har ta yi ƙwai na biyu ko na uku.

Macen da ta takura

Tana kumbura gashi, ta maƙale a ƙasa, tana haki da baki a buɗe, ta rage ci, ko ta watsar da sheƙar da ta gina. Ba kullum namiji ne sanadi ba. Ka duba ko kyanwa ko ɓera na zuwa da dare, ko yara na taɓa kejin, ko rana na dukan sa a lokacin bazara. Ka lulluɓe kejin da farin ƙyalle da dare. Idan da asuba ka ga jajayen ɗigo a jikin ƙyallen, ƙwari ne masu shan jini, su ne ke tayar da ita daga kan ƙwai. A wanke kejin, a sauya sheƙa.

Mace kan yi ƙwai 3 zuwa 5, ɗaya kowace safiya, ta yi kwanci kwana 13 zuwa 14. Namijin kirki yana ciyar da ita a kan sheƙa, a bar shi. Wanda ke tayar da ita don barbara, ko yake fasa ƙwai, a mayar da shi bayan raga. Mace ita kaɗai tana iya renon ’ya’yanta, in dai abinci ya wadata: dafaffen ƙwai na minti 12 a murtsuke da garin busasshen burodi, cokalin shayi ɗaya sau biyu ko uku a rana. A kwashe ragowar bayan awa uku, don zafi na saurin lalata shi. A ajiye mata dakakken ɓawon ƙwai da aka dafa. Rashin sinadarin kalsiyam da ke cikinsa na iya sa ƙwai ya maƙale mata a ciki, abin da ke iya kashe ta cikin yini guda. In ka gan ta tana nishi a ƙasa ƙwai ya ƙi fita, ka sa ta wuri mai ɗumi ka nemi likitan dabbobi.

’Ya’ya kan bar sheƙa wajen kwana 18 zuwa 21. A nan sabuwar rigima ke tasowa: uwa na son sabuwar sheƙa har ta fara figar gashinsu, uba kuma ya fara korar su. Ka ba ta sabon kasko da zare, ka sa ’ya’yan bayan raga iyayen su riƙa ciyar da su ta ciki, har su iya ci da kansu wajen kwana 28 zuwa 30. Kwanci biyu a shekara ya ishe ta, uku shi ne iyaka. Daga nan a cire kaskon, a raba su har ta gama sauya gashi.