Mai, banish ko fenti: me za a shafa wa teburin katakon da zai zauna a waje?

Babu abin shafawar da zai jure rana da ruwan sama shekara da shekaru ba tare da an sake taɓa shi ba. Saboda haka kafin ka shiga shagon fenti, ka duba yadda kowanne yake lalacewa da kuma wahalar gyaransa. Nan zaɓin yake.

Saman tebur ya fi kowane ɓangare shan wuya domin a kwance yake. Ruwa ya zauna a kansa, rana ta dake shi tsaye. Hasken rana yana cinye sinadarin da ke riƙe zaren katako, shi ya sa fuskar ke komawa toka-toka. Ga kumburi da ƙanƙancewa: da damina katako ya sha danshi ya faɗaɗa, da hunturu ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Duk abin da ya daskare a kansa kamar gilashi, bai iya bin motsin, sai ya tsage.

Wannan ne dalilin da ya sa laka da sila (lacquer da sealer) da kafintoci ke fesa wa gado da kabad ba su da amfani a nan. Suna bushewa da wuri, suna sheƙi, amma damina ɗaya ta isa su yi fari su fara ɓarewa. Haka banish na cikin ɗaki. Epoxy ma da ake yayi, wato shafi mai kauri da ke daskarewa kamar gilashi, rana tana mayar da shi rawaya da dishi-dishi, kuma cire shi aiki ne ja. Filawud na gama-gari da MDF (allon garin katako da aka matse) kuwa, ko me ka shafa musu, da ruwa ya sami gefe sun tashi daga aiki.

Idan katakon mai kyau ne, loko ko tik ko maɗaci ko kawo, mai ya fi. Ana nufin man katako mai bushewa, irin wanda ake rubuta wa teak oil ko decking oil a gwangwani, ko man tung. Yana shiga cikin katako ne, ba ya yin fata a sama, don haka babu abin da zai ɓare. Wanda aka ɗan sa wa launi ya fi garau daɗewa, domin launin ne ke tare hasken rana. Man linsid (linseed oil) ɗanye yana daɗewa bai bushe ba, kuma yana jawo baƙin funfuna da damina. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa sam, sai wari da kiran tururuwa. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa katakon rufi saboda gara, kada ya kusanci inda ake ɗora abinci.

A fara da sanfefa mai lamba 80, sai 120, a tsaya a 150. In ka wuce haka fuskar ta yi santsi da yawa, man ba zai shiga sosai ba. Bi tsawon zaren katako, kada ka gitta. Kashe kaifin gefuna su ɗan zagaye kamar milimita 3, domin a kan kaifi shafi ya fi zama siriri, daga nan kuma lalacewa ke farawa. Loko da tik suna da maiƙonsu, sai a goge su da tsumma mai tina a bari ya sha iska kafin a shafa komai.

Zuba man da yalwa da burushi, ka ba shi minti 15 zuwa 30, inda ya shanye ka ƙara. Daga nan ka goge ragowar tas da busasshen tsumma har hannu ya daina jin danƙo. Nan aka fi kuskure: ana ganin barin man a sama ƙarin kariya ne, alhali danƙo yake zama, ya kama ƙura, ya yi makonni bai bushe ba. Bayan awa 24 a sake, har sau uku. Lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 zuwa 12, wato za ta ishi tebur mai tsawon mita 1.8 da faɗin santimita 90 shafi uku, sama da ƙasa.

Ƙasan ba na bari ba ne. In an rufe sama an bar ƙasa tsirara, ɓangare ɗaya zai riƙa shan danshi fiye da ɗayan, allon ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Bakin allo inda zarto ya yanka shi ya fi ko'ina shan ruwa. A yi ta ba shi mai har ya ƙoshi.

Tsumman da aka goge mai da shi yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefar, domin man yana fitar da zafi yayin bushewa. A shanya shi a buɗe a ƙasa, ko a tsoma shi a bokitin ruwa.

Kuɗin da mai ke karɓa shi ne maimaici. A rana irin ta Sakkwato ko Damagaram, sau biyu a shekara: kafin ruwan farko, da kuma bayan ɗaukewar damina. Ɗiga ruwa a kai. In ya tsaya dunƙule da saura, in ya nutse ya bar duhu lokaci ya yi. Wanka da sabulu, bushewa, shafi ɗaya, shi ke nan.

Mai son sheƙi sai banish na jirgin ruwa, wanda ake rubuta wa marine ko spar. Yana da taushin bin motsin katako da sinadarin tare rana. Amma shafi biyu wasa ne; shida ake nema ko fiye. Na farko a tsinka shi da tafenta kusan rabi da rabi don ya shiga, sauran a bar su da kaurinsu, a bi da sanfefa 240 sama-sama tsakanin kowane shafi. Kada a girgiza gwangwani, a juya a hankali, in ba haka ba kumfa. Kada kuma a shafa cikin rana, domin katako na ɗumama iskar cikinsa na fitowa ta huda shafin. Ranar da hazo ya sauko a haƙura, ko a yi aikin a ɗaki an yayyafa wa daɓe ruwa. Kowace shekara sai an ɗan kankare an ƙara shafi ɗaya ko biyu tun kafin tsaga ta bayyana. In aka yi sake ruwa ya shiga ƙarƙashi ya yi baƙi, sai an kankare duka har katako. A ganinmu bai cancanci wahalar ba sai teburin yana ƙarƙashin rumfa.

Farin katako irin su obeche da malina, fentin mai ne maganinsu, kuma shi ya fi komai tare rana. Obeche ba ya jure danshi da ƙwari, sai an fara ba shi maganin gara ya bushe sarai. A duba gwangwanin maganin a ga ko fenti zai iya hawa kansa. Sannan firama (shafin farko da ke kama katako), shafin ƙasa, da shafi biyu na mai sheƙi. Fentin bango na ruwa ba ya cikin lissafi. Launi mai haske ya fi, baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna ɗaukar zafi har su tsaga allon. A ba shi mako guda kafin a ɗora kaya, kuma butar shayi mai zafi tana son abin ɗorawa.

Ginin teburin ma yana da nasa rabo. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakanin alluna don ruwa ya zube. A ɗaure su daga ƙasa da sukurori marasa tsatsa, domin ƙusar ƙarfe in ta jiƙe tana barin baƙin tabo a kewayenta, kuma ramin kanta matattarar ruwa ne. Ɗanyen katako daga timba kuma a jera shi a inuwa da sanduna tsakani ya bushe tukuna. Danshin da aka rufe a ciki shi ke tayar da fenti ya yi bororo.