Yadda mai raunin garkuwar jiki zai sa takunkumi in za shi asibiti

Shekara biyu ina raka yayana asibiti bayan an yi masa dashen ƙoda, kuma abin da na fi gani a wurin jira shi ne takunkumi rataye a haɓa. Mutum ya saya da kuɗinsa, da ya hango ɗan unguwarsu sai ya sauke don su gaisa. Ga mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki kamar wanda aka yi wa dashe, ko mai karɓar kemo na ciwon daji, ta nan cuta ke samun ƙofa.

Na atamfa dai a bar shi a gida. Nemi N95, wanda ke tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, hanyar da tarin fuka da ƙyanda ke bi ke nan. Da tsada, amma kwali guda bai kai kuɗin kwanciya a gadon asibiti ba. In bai samu ba, na tiyata ya fi babu: gefe mai launi a waje, ɗan ƙarfen a sama.

Wurin ɗaurawa mu muka sha wuya. Wanke hannu, ka kafa shi daga haɓa zuwa hanci, igiya ɗaya a wuya ƙasan kunnuwa, ɗaya a saman ƙeya. Ƙarfen hancin kuwa da hannu biyu za ka lanƙwasa shi, kana dannawa daga tsakiya zuwa gefe. Matsewa da yatsun hannu ɗaya yana barin kafa. Sannan ka rufe shi da tafukanka ka fesar da numfashi. In ka ji iska a idonka, ko tabarau ya yi hazo, bai zauna ba, sake. Mun yi wata guda tabaran Yaya na hazo, muna cewa zafi ne. Ashe gemunsa ne ya hana takunkumin manne wa fata, sai da ya aske inda bakin takunkumin ke sauka. Mata kuma, niƙabi ba ya maye gurbinsa, a sa shi daga ciki.

A asibitin, ɗan rakiya ne zai bi layin kati da na magani, kai ka zauna a baranda inda iska ke kaɗawa. Kada ka biya dubiya ɗakin marasa lafiya, ko wa aka kwantar. Mai karɓar kemo ya ƙara kiyayewa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani, lokacin ne fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suka fi yin ƙasa.

In takunkumin ya jiƙe, canza. Cire shi ta igiya daga baya, kada ka taɓa gabansa, ka wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, ko ka shafa sanitaiza mai alkohol aƙalla kashi 60. Da ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 bayan ka koma gida, kira likitanka nan take, kada ka sha farasitamol ka kwanta jiran gari ya waye.